Nafi'u Zai Tafi Wurin Bukar Mai Batir

Assalamu alaikum warahmatullahi.

Zuwa ga ɗana Nafi'u. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka Yauri lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ruwa da sharrin mugun aboki. Mahaifiyarka ce za ta cusa ta a jakarka ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli. Na ce kada ta nuna maka, ka tsince ta da kanka bayan mota ta bar Gaya, domin akwai maganar da uba ba ya iya faɗa yana kallon idon ɗansa, balle ni da ido ɗaya ne ya rage mini na kirki.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yadda ka bar shi haka yake. Ka tuna ranar da ka tsugunna a rumfa ka ce, "Baba, ina so ka ba ni izini in je wurin Baba Bukar in koyi batirin jirgin ruwa"? Na ce Allah Ya sa albarka, na ci gaba da kankare kan batirin da ke gabana, kai kuma ka tashi kana murna ka ɗauka ban damu ba. To, na damu. Wannan "Baba Bukar" da ka faɗa ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, ranar ko tuwo ban ci na kirki ba. Kishi nake yi, Nafi'u. Na faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk masu batir na duniya ka rasa wanda za ka zaɓa sai mutumin da na yi rabin rayuwata ina jin haushin alherinsa.

Kai ka san shi a matsayin abokin babanka mai kawo mana busasshen kifi da salla. Bari in gaya maka wanda ni na sani. Bukar ɗan Ajingi ne, daga gidan Barebarin nan da kakanninsu suka zauna tun ba a haifi kakana ba. Tare muka koyi aiki a garejin marigayi Malam Ɗanlami a Wudil, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Ni ne mai saurin hannu, kafin maigida ya rufe baki na kwance batir na dire. Shi kuwa sai ya tsaya yana kallon batir kamar zai nemi aurensa. Amma duk lokacin da aikin babban mutum ya zo, sai ka ji maigida ya ce a kira Bukar. Tun daga nan abin ya shige ni. Da muka samu 'yanci daga hannun maigida kuma sai ƙaddara ta sa muka kafa rumfa a tashar Gaya, tawa a nan, tasa a tsallaken titi, ina ɗaga kai shi nake gani.

Wata ranar kasuwar Ajingi, bas ɗin wani direba mai suna Ado ta ƙi tashi a tasha, ga fasinja cike, ga buhunan gyaɗa a sama. Aka kira ni. Na ce ya murɗa makulli, na ji ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Ko sunkuyawa ban yi ba, na ce batir ya mutu, sai sabo. Na faɗa da ƙarfi ne don na tsallaken titi ya ji cewa ni da kunne kawai nake gane ciwo. Ya kuwa ji. Sai ga shi ya tsallako da butar ruwan zafi da 'yar kanwa da tsohon buroshi, ya gaishe ni da ladabi, ya nemi in bar shi ya ɗan duba. Wani farin gari ne ya taru a kawunan batirin, kuma baƙar wayar ta yi sako-sako. Ya kwance, ya wanke, ya kankare har dalma ta yi haske, ya ɗaure, ya shafa giris. Ado na murɗawa mota ta ɗauka. Wata tsohuwa daga cikin mota ta ce ashe gawar da sauran numfashi. Daga ranar 'yan kamasho suka laƙaba mini "Mai binne da rai", sunan bai bar ni ba sai da waɗanda suka raɗa shi suka tsufa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Bukar bai yi dariya ba. Da ya yi, da na samu dalilin ƙinsa.

Don haka, ɗana, kada ka yanke wa batir hukunci daga tsaye. Fara da kawunansa, ka ga ko sun yi datti ko sun saki. Bi wayoyi da hannunka har inda baƙar ta kama jikin mota. Sannan ka sa mita. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna sha biyu da rabi ko ɗan sama. Ka bar mitar a jiki a murɗa makulli, in ta faɗi ƙasa warwas to akwai magana. In inji ya tashi ka sake aunawa, ya kamata ta hau kusan sha huɗu. In ba ta hau ba, laifin ba na batir ba ne, altaneta ce ba ta ciyar da shi, ko bel ya saki. Ka sa wa irin wannan mota sabon batir, kwana kaɗan za ta cinye shi, mai ita ya dawo yana zagin iyayenka, wato ni.

Sai maganar ruwa. A lokacinmu ba a cika samun ruwan batir tatacce na kwalba a Gaya ba. Bukar sai ya riƙa jiran damina. Ba ruwan farko yake tara ba, kuma ba na indararo ba. Sai sama ta wanke kanta, sannan ya kai wankakkiyar robarsa tsakiyar fili, nesa da kwanon rufi da bishiya, ya tara, ya tace da farin ƙyalle, ya ɗura a jarkoki ya ajiye na shekara. Ni kuwa ina zaune a rumfa ina nuna shi da baki, ina ce wa mutane ku ga Babarbare zai sayar mana da ruwan Allah. Na san yana da gaskiya, domin a gabana maigida ya faɗi haka. Amma tunda Bukar ya riga ni yi, in na yi za a ce kwaikwayonsa nake. Sai na riƙa ɗibar ruwan rijiyar bayan tasha, wanda ko a baki kana jin gardinsa, ina ɗura wa batiran mutane. In batir ya yi sanyi kuma in ƙara masa asid, ya yi zafin kwana biyu, mai shi ya tafi yana yaba mini.

Wanda abin ya faɗa wa shi ne wani malamin Islamiyya na Toranke, mutum mai sanyin hali da ya yarda da ni. Batir ɗaya gare su a ƙauyen, shi ke riƙe lasifikar masallaci, ni nake yi masa caji ina duba ruwansa. Ana tsakiyar azumi, ana cikin tafsiri, ya ɗauke. Da aka kawo na buɗe murafunsa na leƙa, farantan ciki sun yi fari fat, gishirin rijiya da asid sun cinye su. Malam bai ce mini komai ba sai "Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Bayan salla na hango shi ya sauka daga babur da sabon batir a bayansa, ya ɗago mini hannu daga nesa, ya tsallaka titi. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ka ji ko? Abin da ke ƙafewa a batir ruwa ne, ba asid ba, don haka ruwa za ka mayar, kuma tatacce. Yanzu ga shi nan a kwalba ko'ina, ba ka da uzuri. Kada ka ga kogi shimfiɗe a gabanka ka ce ai ruwa ruwa ne. Ka zuba ya rufe faranti kawai, kada ka cika har baki, in ya ɗauki caji zai tofar ya ci duk abin da ya taɓa. Batiran zamani da ba a buɗewa kuwa ka bar su yadda kamfani ya rufe su. Kuma in ka ga abu mai kyau a hannun wanda ba ka so, ka ɗauka. Ni na ƙi ɗauka, mutanen Toranke suka ƙarasa azumi liman yana ta da jijiyar wuya.

Yanzu maganar idona. Kun taso kuna jin cewa haɗarin aiki ne, mahaifiyarka ma haka take faɗa don ta rufa mini asiri. Haɗari ne, amma ni na gayyato shi. Akwai wata al'ada ta masu batir na da: a ɗauki guntuwar waya a haɗa kan ja da kan baƙi, in tartsatsi ya tashi da ƙara a ce batir na da rai. Direbobi suna son abin, yana burge su. Bukar ba ya yi. Ya ce batirin da ya fito daga caji yana fitar da wata iska da ba a gani, wadda ƙyas ɗaya take jira. Ya sayi mita tun tana abin kallo, ni kuma na ce mita ta makafin aiki ce. Ran nan rumfarsa ta cika da mutane ana kallon allurar mitar nan tana motsi, tawa ba kowa sai ƙuda. Raina ya ɓaci. Na ciro wani batir daga caji yana ɗumi, murafunsa a rufe, na kira su da ƙarfi na ce su zo su ga yadda maza ke gwaji. Na sunkuya a kansa na ɗora waya.

Ƙarar da na ji ita ce ta ƙarshe da na ji da idanu biyu. Batirin ya tarwatse, ruwansa ya wanke mini fuska. Mutane suka watse, wani na cewa a kawo manja, wani na cewa a kawo madara. Wanda ya danne ni a ƙasa, ya buɗe mini ido da yatsunsa, ya yi ta kwarara ruwa ba ƙaƙƙautawa, Bukar ne. Ka san da wane ruwa? Da ruwan samansa da nake yi wa dariya. Jarkokinsa na shekara guda ya juye a fuskata har suka ƙare, sannan ya ɗora ni a mota zuwa asibiti a Kano. Likita ya ce ba don wankin nan ba da duka biyun sun tafi. Kana tsammani daga nan zuciyata ta yi sanyi? Ina. Ina kwance da bandeji ina jin 'yan dubiya suna ta sa masa albarka a kaina, sai na ji har ciwon nawa ma shi ya ci ribarsa. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na yi wa gonar Bukar hidimar taki fiye da kowa a ƙasar Gaya.

Kada ka taɓa gwada batir da tartsatsi, ko wa ya zuga ka. Kada ka yi caji a rufaffen ɗaki, kada a sha taba a kusa. Kashe na'urar caji kafin ka cire kilif ɗin da ke maƙale a kan batir. In za ka kwance batir fara cire baƙar waya, in za ka ɗaura ita ce ta ƙarshe, don ko sifana ta taɓa ƙarfe ba za ta yi wuta ba. Cire zoben nan na azurfa da kake yanga da shi. Ruwa mai yawa ya kasance kusa da kai kullum, in asid ya taɓa ido ba manja ba madara, ruwa kawai, a yi ta zubawa, sannan asibiti. Kuma duk ranar da ka ji kana son yin aiki don a kalle ka, ajiye kayan ka je ka sha iska.

Bayan na warke ne wani mai jiragen fito ya kira shi Yauri. Kafin ya tafi ya zo har zaurenmu ya ce, "Haladu, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Taso mu tafi tare." Na ce masa ni ba masunci ba ne, kuma ba a haife ni don in riƙe wa wani jaka ba. Ya yi mini sallama ya tafi. Da ya tafi na yi murna, na ce tasha ta zama tawa. Ta kuwa zama tawa, sai dai duk wanda ya kawo aiki sai ya tambaye ni labarin Bukar. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi har ya rufe mini ido mai kyan ma.

Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba, ko kwalekwalen Wudil daga kan gada nake kallonsa. Amma zan ba ka shawara a kan batirinsa, kuma ga inda na samo ta. Duk salla in Bukar ya zo gida Ajingi yakan biyo ta nan da kifinsa. In ce masa kifi ba ya yi mini daɗi, yana fita in sa mahaifiyarka ta yi miya da shi. Yana zaune yana ba mutane labarin aikinsa, ni kuma in juya baya ina ta goge abin da ba ya buƙatar guga, alhali kunnena na wurinsa. Ba abin da ya faɗa da ban haddace ba.

Ya ce mota in ta ƙi tashi fasinja su sauko su tura, amma a tsakiyar kogi ba mai sauka. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka riƙe batirin jirgi da tsoron Allah, rayukan mutane ne a kansa. Ka ɗaure shi tamau, domin girgizar ruwa tana karya farantan ciki. Ka ɗaga shi sama da inda ruwa ke taruwa a cikin jirgi. Ka sa shi a akwati mai murfi amma mai ƙofar shan iska, nesa da jarkar fetur. Laima tana cin kawuna da wayoyi a can fiye da nan, don haka wanki da giris ba sai an ga matsala ba. Masu jirgi suna son jona fitila da rediyo da cajin wayar fasinja duk a kan batirin tayar da inji, ka hana su, ka ce a ware wa waɗannan nasu daban. Kuma lokacin da ruwa ya ja baya aka jingine jirgi, kada a bar batir a ciki yana zaman banza. A cire, a cika shi da caji, a ajiye a inuwa, a riƙa waiwayarsa. Batirin da aka bari babu caji yana mutuwa ne a hankali ba wanda ya sani, sai ranar buƙata.

Za ka tarar da wasu masu koyo a wurinsa. Wani zai fi ka, dole ne, gaba da gabanta. Ranar da ka ji Bukar ya ce a kira wane bai ce a kira Nafi'u ba, za ka ji wani abu ya tsaya maka a ƙirji. Na san shi, jinina ne a jikinka. Kada ka ba shi abinci. Tashi ka je ka tsugunna kusa da wanda aka kira ka ga abin da yake yi da ba ka yi. Ka bi maigidanka sau da ƙafa, kada ka yi masa musu a gaban mutane, kada ka ci amanarsa. Ka kira shi Baba in kana so, ya cancanta. Amma in ka bugo mini waya ka ce "maigida", ka tausaya wa tsoho.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki biro. Kana ƙarami, ranar da na fara nuna maka wanke kan batir da ruwan zafi da kanwa, ka tambaye ni wa ya koya mini. Na bugi ƙirji na ce ba kowa, basira ce. Ba haka ba ne. Wankin nan nasa ne. Cire baƙar waya da farko, maigidanmu ya faɗa amma a hannun Bukar na ga ana kiyayewa. Mitar da na saya bayan ya bar gari, irin tasa na nema. Tsayawar nan da kake yi kana kallon batir kafin ka taɓa shi, wadda direbobin Ajingi ke yabo suna cewa ɗan Haladu akwai natsuwa, ni na dasa maka ita, amma ba irina ba ce. Ban koya maka hannuna ba, Nafi'u, don na san inda ya kai ni. Nasa na koya maka, na ɓoye sunansa. Shi ya sa da ka ce wurinsa za ka, na ji kamar an zo karɓar kayan aro da na daɗe ina cewa nawa ne.

Tsorona ke nan. Za ka je ka ga asalin abin, ka gane na wurin babanka kwafi ne, ka dawo da salla kana ba da labarin Bukar a zaurena, ni kuma ina juya baya ina goge-goge. In hakan ta faru ba zan hana ka ba, gaskiya ce. Ban ce na warke daga kishinsa ba, ƙarya ba ta kamace ni da furfura ba. Amma da in riƙe ka a nan ka gaji rumfata da halina, gara ka tafi wurin wanda ya fi ni.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare idanunka da hannuwanka, Ya sa kada jirgin da ka taɓa ya tsaya da bayinSa a tsakiyar ruwa. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da ciwon da ya ci babanka, Ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa kiran mahaifiyarka ko ba ka da abin faɗa.

Ka gaishe da Bukar. Ka ce masa kifin nan ina ci, tun farko ma ina ci.

Kuma ga roƙona. Ranar farko zai ajiye maka batir ya koma gefe ya yi shiru, haka yake gwada mutum. Za ka tsaya ka kalle shi, ka nemi ruwan zafi, ka fara cire baƙar waya. Zai gane hannunsa tun kafin ka gama, ba yaro ba ne. In ya tambaye ka wa ya koya maka, duk da abin da ka karanta a nan, ka ce babanka ne. Na san Bukar, ba zai ƙaryata ka ba. Ya samu komai, ya bar mini wannan ɗaya.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Haladu mai batir, tashar Gaya.